Yadda Na Zana wa Baba Tafiyata

Ciwon ya sami Baba ne a gona, farkon damina, yana duba masarar da ta fara tsiro. Makiyaya masu wucewa da shanu suka gan shi kwance tsakanin kunyoyi, suka ɗauko shi. Ni a lokacin ina gida. Na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, ina zaman jiran aiki a ƙauyenmu da ke bayan Ƙafin Maiyaki. Muka kai shi asibiti a Kano, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama sun daina motsi, wannan kowa ya gani da idonsa. Wanda ba a gani shi ne wanda likita ya ja ni gefe ya gaya mini. Ya ce ciwon ya taɓa wurin da magana take zama a cikin kai. Ba kurmancewa ya yi ba, in aka saki kwano a tsakar gida zai waiwaya. Amma kalmomi in sun shiga kunnensa ba sa haɗuwa su zama zance, kuma nasa ma ba sa fitowa. Na tambaya ko zai dawo daidai. Likitan ya ce wasu suna dawowa, wasu kaɗan-kaɗan, wasu kuma a'a. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da ni aka tambaya, ina jin irin amsar da zan bayar ke nan.

Da muka dawo gida na gwada rubutu. Baba bai yi boko ba, amma mutum ne mai karatun allo da na littattafai, kuma da ajami yake rubuta duk abin da ya shafe shi. Na ɗauko takarda na rubuta masa "ruwa" da ajamina mai karkace-karkace, na nuna masa. Ya kalli takardar yadda ake kallon sawun kaji a tsakar gida. Na kawo masa littafin da ya fi yawan dubawa, ya riƙe shi da hannun hagu, ya daɗe, sannan ya rufe ya ɗora a kan filo. Daga ranar ban sake ba.

Kalma ɗaya ce ta rage masa: madalla. In aka kawo koko, madalla. In ƙuda ya dame shi, madalla. Ranar da aka zo aka ce amininsa na kasuwa ya rasu, ya dubi mai kawo labarin ya ce madalla, mutumin ya fita yana share ido.

Mu uku ne a gidan. Ni kaɗai ne namiji a wurin Baba, yayyena mata suna gidajen aurensu, ɗaya a Bebeji, ɗaya a Tudun Wada. Sai Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta dawo wurinmu tun bayan rasuwar Inna. Da farko masu dubiya ba sa yankewa, zaure cike da takalma. Da noma ya kankama sai ƙafa ta ɗauke. Ba na jin wani ya yi da wata manufa, aiki ne ya yi yawa, kuma gaida wanda ba ya amsawa akwai nauyi. Abokan tasowata kuwa wasu sun tafi birni, wasu suna kan babur daga safe har magariba. Sai ya zama yini nake a ƙofar ɗakin Baba, shi a jingine da bango a kan tabarma, ni a gefe, muna kallon ruwa yana zuba daga indararo. Da can ma ba mu cika hira ba, ni da shi. Amma shirun da mutum ya zaɓa daban yake da wanda aka ɗora masa.

A cikin wannan zaman ne na buɗe jakar littattafan zanena. Tun ina jami'a nake tara su, irin na jaruman nan masu tashi sama da ɗaga motoci, waɗanda 'yan makaranta suke ce wa komik. A wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi nake samu, wasu babu bango, wasu an yage ƙarshensu. Ban karanci zane ba, kuma ba na so in yi da'awar abin da ban sani ba. Abin da na sani dai, a shekarun da ba ni da abokin hira a ɗakin kwana na ɗalibai, na kalle su har na fara gane yadda ake haɗa su. Kowane shafi an raba shi gida-gida, ni tagogi nake ce musu, don ta kowace kana leƙa abu ɗaya. Tsakanin taga da taga akwai ɗan farin fili siriri kamar lungu, kuma a wannan lungun ne rabin labarin yake faruwa. A taga ta farko an ɗaga hannu, a ta biyu mutum yana ƙasa. Ba a zana naushin ba, kai ne ka kai shi da kanka. In ana so ka yi sauri sai a jera ƙananan tagogi a matse. In ana so ka tsaya sai a ba ka babba guda ta cinye rabin shafi. In ana so jarumin ya cika maka ido, sai a zana shi kamar kana tsugune a gabansa kana kallon sama.

Lokacin da Baba yake da lafiya ɓoye su nake yi. Ba ya son hoton abu mai rai a gida, ko kalanda aka kawo mai fuskar mutum sai ya juya ta ga bango. Don haka ranar da na ga idonsa a kan shafin da nake kallo, sai na yi sauri zan rufe. Ya miƙo hannun hagu ya danne littafin. Na matsar masa da shi kan cinyarsa. Ya sunkuya yana kallo, kallon da rabon da in ga ya yi wa wani abu irinsa tun kafin ciwon.

Daga nan ya zama aikinmu na hantsi. Ni nake buɗe masa shafi, in ya ɗago kai in juya na gaba. Gwaggo takan zo da tsintsiya ta tsaya a kanmu.

"Wai wannan ƙaton me ya sa a jikinsa? Wando ne ko fenti?"

"Kayan aikinsa ne, Gwaggo."

"Da mayafi kamar mai zuwa biki? Kai, mai digiri, abin da aka tura ka birni ka koyo ke nan?"

"Ceton mutane yake yi."

"To ya zo ya ceci masarar gidan nan daga ciyawa. Yaya, kana gani fa, ɗanka ya kawo mana aljanu cikin gida."

Baba ya ce madalla, Gwaggo ta ce ai ta sani.

Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Baba ba ya ƙaunar jarumin. Akwai wani mai koren mayafi da muka fi kallo, duk inda ya fito sai Baba ya ɓata rai, wani lokaci har ya buga masa yatsa a fuska. Na ɗauka shigar ce ba ta yi masa ba, ko tashi saman ne yake ganin ya wuce iyaka. Na bar shi a haka.

Ruwa ya fara ja baya, masara ta yi goyo, sai wani da muka yi karatu tare ya kira ni a waya. Ya ce wata sakandare a Riruwai tana neman malami, ya ba da sunana, an amince, in an koma hutu sai in fara. Ban yi barcin kirki ba a kwanakin da suka biyo. Riruwai ba wata uwa duniya ba ce, amma sai an wuce Tudun Wada, an ratsa daji, an shiga duwatsun Doguwa. Ba wurin da za a je da safe a dawo da yamma ba ne. Ga shi ina bukatar aikin, gidan ma yana bukata, maganin Baba ba ya jira.

Gwaggo ba ta ga abin wahala a ciki ba.

"Ka tafi mana. Ni nake juya shi ina wanke shi, kai me kake yi in ba buɗe masa aljanu ba?"

"Ban nemi izininsa ba."

"Na ba ka. Ni ba uwarka ba ce?"

"Ke ce, Gwaggo. Amma shi yana raye."

Ta ce, "To je ka tambaye shi. Zai ce maka madalla, ka ɗauki jakarka."

Abin da nake tsoro ke nan. A gidanmu ko kasuwar Ƙafin Maiyaki za ka, sai ka tsuguna ka faɗa, ya ce a dawo lafiya. Ban taɓa kwana a wani gari ba tare da ya sani ya sa albarka ba. Na san zan iya durƙusawa in yi bayani, ya faɗi kalmarsa, kowa ya shaida an tambaye shi. Amma zai wayi gari ne kawai ya ga babu ni, ba zai san ina na tafi ba, ba zai san ko da saninsa ba, kuma ba shi da bakin tambaya. Ina so ya sani tukuna. In ya hana, ban san me zan yi ba, amma ina so ya zama ya san abin da yake bari ko yake hanawa.

Na gwada da hannu. Na nuna ƙirjina, na nuna ƙofa, na yi alamar nisa. Ya bi hannuna da ido har ƙofa, ya ga ba kowa, ya dawo da kallonsa kaina. Sai tunanin zane ya zo mini. In yana bin labarin mai koren mayafi har yana jin haushinsa, zai bi nawa.

Na samo kwalin taliya a shago, na farke shi ya zama dogo, na ja tagogi huɗu a jere da biro. A ta farko na zana gidanmu, da zauren da bishiyar darbejiya, ni da Baba a ƙofa. A ta biyu ni a kan hanya da jaka. A ta uku ni kusa da mota. A ta ƙarshe ni a gindin duwatsu, kusa da wani gini mai tuta. Sai dai saboda sanin halinsa, da kuma nawa shakkun, ban yi wa kowa fuska ba. Riguna na zana a tsaye suna fuskantar mai kallo, da hula a sama, babu ido babu hanci. Nawa da doguwar hula da jaka, nasa da rawani. Na ce a raina ko ba komai na rage laifi.

Na kai masa bayan ya karya. Ya kalla daga wannan gefe zuwa wancan, ya sake kalla. Sai fuskarsa ta saki, ɓarin bakin da yake motsi ya ɗaga. Ya dafa kafaɗata ya jijjiga. Sannan ya cusa hannu a aljihun rigarsa, da ƙyar, ya zaro makullin ɗakin hatsi, wanda ko yana asibiti bai yarda an cire daga jikinsa ba. Ya sa mini a hannu.

Na fito ina murna da rashin murna. Gwaggo ta dubi makullin, ta dube ni.

"Me ka ce masa?"

"Na nuna masa zan tafi. Ya yarda."

"Ya yarda ka tafi, shi ne ya ba ka makullin hatsi? A Riruwai za ka riƙa auno mana?"

Na ce wataƙila nufinsa in ba ta. Ta ce ta girmi wataƙila. Ta ce Yaya bai taɓa ba matafiyi makulli ba, mazauni ake ba wa.

Maganar ta tsaya mini. Kwanakin nan Baba ya canja, yana cin abinci sosai, in na gifta sai ya bi ni da ido yana gyaɗa kai. In baƙo ya shigo sai ya nuna ni da hannu. Ni kuwa ina ta auna abin, ina cewa ai mai yiwuwa farin cikin na sami aiki ne, mai yiwuwa kuma ba shi ba ne.

Wata safiya na dawo daga ɗebo ruwa na tarar Gwaggo ta ajiye masa littafin mai koren mayafi, ta tafi wurin murhu. Karo na farko ke nan da na ga ya buɗe da kansa. Na tsaya daga bakin ƙofa. Ya juya littafin, ya buɗe shi ta bangon baya, yadda ake buɗe Alƙur'ani. Ya ɗora yatsa a saman shafi ta hannun dama, ya ja shi zuwa hagu. Haruffan sun tafi sun bar shi, amma hanyar da idonsa ya saba bi tun yana yaro a gaban allo tana nan.

Na matso na duba inda yatsan yake. Tagogi uku ne a jere, na san su sarai. Yaro ya faɗo daga saman bene, jarumin ya biyo shi, ya cafe shi a ƙirji. Haka nake karantawa, daga hagu. Daga dama kuwa, ga mutum rungume da yaro, ga shi ya sake shi, ga yaro shi kaɗai a sama yana ihu. Baba ya buga wa mai mayafin yatsa a fuska. Tun tsakiyar damina yake kallon wani ƙato yana jefar da 'ya'yan mutane, ni kuma ina ta buɗe masa shafi.

Da wani lokaci ne da na yi dariya. Na shiga ɗakina na ɗauko kwalin, na bi shi daga dama. Ga ni a wani gari mai duwatsu da gini mai tuta, wato makaranta, inda na daɗe ina zuwa ina barinsa. Ga ni na sami mota. Ga ni a hanya da jakata. Ga ni a ƙofar gida kusa da shi. Abin da na gaya wa Baba shi ne na gama yawo, na dawo gida ke nan.

Ni ma na yi makarantar allo, na san ta inda ake fara karatu. Amma ban taɓa kawo wa raina cewa hoto ma yana da ta inda ake shigarsa ba. Na ɗauka zane ruwa ne, kowa ya zo zai sha iri ɗaya.

Na gaya wa Gwaggo. Ta ajiye muciya ta zauna a kan turmi.

"To ka bar shi a haka mana. Ka ga yadda yake cin tuwo kuwa?"

"Ranar da na tafi fa?"

"In ce masa ka je kasuwa."

"Da wane baki za ki ce masa, Gwaggo?"

Ta sake ɗaukar muciyarta. Can ta ce, "Kai dai ka cika wahalar da kanka. Tun kana yaro in aka aike ka sayen gishiri sai ka dawo ka tambaya wane iri."

Na koma kan littattafan, wannan karon ba don rage yini ba. Ina neman yadda suke nuna inda mutum ya dosa. Sai na lura ko a shafin yaron nan, da Baba ya san alamomin, da bai juya labarin ba. Mayafin jarumin yana sama da shi, a miƙe, wato ƙasa ya nufa. Akwai siraran layuka da aka ja a bayansa, irin waɗanda ake yi wa duk abin da ke gudu, kuma kullum suna nuna inda aka baro. Mai zanen ya sa duk wannan. Ni ban sa ko ɗaya ba. Rigunana suna tsaye ne kawai suna kallon gaba, ba mai tafiya ba mai dawowa. Layukan gudu sai wanda ya saba da su, ba zan dogara da su kaɗai ba. Amma hanci kowa ya san shi. In mutum ya ba ka gefen fuska, ka san inda ya sa gaba. In ya ba ka ƙeya, ka san barinka yake yi.

Wato sai na zana fuska. Na yi kwana ina juya abin, ban kuma ce na warware shi ba har yau. Na dai ga cewa tsakanin in zana hanci da in bar mahaifina cikin abin da ba haka yake ba, na farkon ya fi mini sauƙin ɗauka. Allah Ya sa na yi daidai.

Na samo wani kwalin. Na fara daga dama. A taga ta farko na zana mu biyu a ƙofar ɗaki, kusa sosai, ni a durƙushe, fuskata tana kallon tasa. A ta biyu na miƙe, na ba shi baya, hancina ya nufi hagu, jaka a kafaɗa, bakin rigata ya karkata wajensa kamar iska na ja. Shi na bar shi a wurinsa, a kusurwar dama. A ta uku ma yana nan a kusurwar, girmansa bai ragu ba, ni kuma na ƙanƙance, ina can a ƙarshen hanya inda kunyoyin masara suke haɗewa. Na bi dabarar da masu zanen komik suke yi in suna so ka tsaya inda wani ya tsaya: na zana kamar daga bayan kafaɗarsa ake kallo, don ya ga abin da zai gani da idonsa ranar. Sannan mota, gabanta a hagu, ƙura a bayanta. Ta ƙarshe na yi ta da faɗi, ta kusa cinye rabin kwalin. Duwatsu manya, sama fili, ni ɗan mitsitsi a ƙasa kusa da ginin. Baba ba ya cikinta.

Ya rage wuri kaɗan a ƙarshen kwalin, kuma a nan na fi daɗewa. Ina so in nuna masa zan riƙa zuwa, in an yi hutu, in hanya ta yi kyau, in an ba ni dama. Na ɗora biro na ɗaga. Ni mutum ne da ba na iya magana ba tare da "wataƙila" ko "in Allah Ya yarda" ba, kuma sai ranar na gane zane ba shi da su. Duk abin da ka sa a taga ya riga ya faru. In na zana kaina na dawo ƙofar gida, na yi alkawarin da ba a hannuna yake ba, kuma mai yiwuwa ya sake ɗauka labarin dawowa ne gaba ɗaya. Na sa wuƙa na yanke ragowar kwalin.

Na kai masa da hantsi. Gwaggo ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa. Na ɗora masa a cinya. Ya sa yatsa a dama. Ya tsaya a kan fuskokin, ya ɗago ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ci gaba. A taga ta uku ya daɗe, yana taɓa ɗan ƙaramin mutumin da ke ƙarshen hanya. Ya wuce motar da sauri. Da ya isa babbar tagar sai ya yi ta yawo da yatsa a cikinta, kusurwa zuwa kusurwa, ina jin kansa yake nema. Ya kai bakin kwalin inda na yanke, ya shafa wurin, ya juya bayan ya duba. Sunan taliya ne kawai a can.

Bai ce madalla ba. Ya miƙo tafin hannunsa a buɗe. Na ɗan tsaya kafin in gane, sannan na zaro makullin na sa masa. Ya mayar aljihu, ya juya fuskarsa ga bango.

Ya gane, wannan ba ni da shakka a kai. Amma ganewa daban, izini daban. Kwanakin da suka rage bai yarda na ba shi abinci ba, sai Gwaggo. In na kawo littafi sai ya ture da bayan hannu. Na ci gaba da zama a inda na saba, shi yana kallon bango, ni ina kallon kaji. Na yi ta tambayar kaina ko wannan shi ne hanin, ko kuwa baƙin ciki ne kawai, wanda yake da haƙƙin yi. Na kira wanda ya samo mini aikin na ce mai yiwuwa in zo, mai yiwuwa kuma a samu matsala. Ya ce in tsayar da magana ɗaya, akwai masu jira. Na ce zan zo. Da na kashe wayar na ji kamar na yi wa wani ƙarya, ban dai san ko wa ba.

Ranar tafiya na shirya tun da safe, mai babur yana jira a ƙofar zaure. Na riga na gaya wa Gwaggo cewa in na shiga ya ƙi dubana, zan sauke jakar. Ta ce in na sauke ita za ta ɗauka ta tafi Riruwan ta koyar.

Na shiga da sallama na durƙusa, jakar tana kafaɗata don ya gani. Yana kallon bango. Na jira. Ina jin mai babur yana ɗan latsa ham a waje, Gwaggo tana ce masa ya yi wa mutane hankali, ba gawa zai ɗauka ba. Na kai hannu zan zame igiyar jakar.

Sai ya juyo. Bai dubi fuskata ba. Ya kamo hannuna na dama ta wuyan hannu, ya jawo shi kusa da bakinsa, ya buɗe tafin. Leɓɓansa suka yi ta motsi, babu sauti, ban kuma san ko akwai kalmomi a ciki ko babu ba. Ya yi tofi sau uku, a hankali. Ya naɗe mini yatsuna ɗaya bayan ɗaya har hannun ya dunƙule, sannan ya tura shi wajen ƙofa.

Na hau babur da hannu ɗaya. A Ƙafin Maiyaki na sami motar Doguwa, aka matse ni a kujerar baya tsakanin buhu da wata tsohuwa mai goyo, riƙe da kaza. Ba wanda na sani a motar, ba kuma wanda ya tambaye ni inda za ni. Gonaki suka yi ta wucewa, sannan gari, sannan bishiyoyi suka fara yawa. Hannuna yana kan cinyata a dunƙule har muka wuce Tudun Wada. Muna shiga daji tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, riƙe mini kazar nan in gyara goyon jikata." Na duba ko akwai wani da zai karɓa, babu. Na buɗe hannun na karɓa.